Akushin da Ya Cinye Mana Fadama

Wutar da muke zagayewa a gidanmu ba don jin ɗumi ake hura ta ba, wutar aiki ce. Kakata Iya Tumba, mahaifiyar Baba, bandar kifi take yi wa masunta. Su kawo mata da la'asar, ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera a kan waya bisa rabin duro, su biya ta ladan hayaƙi. Kifin ba namu ba ne, ko ƙayarsa ba mu da ita. Haka za mu zauna, ni da ƙanena Sani da ƙananan ƙannenmu, ƙamshin tarwaɗa yana shiga mana hanci, cikinmu yana ƙugi, ita kuma tana juya kifin mutane da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da tsumagiya saboda kyanwa, da kuma mu. A nan take yi mana tatsuniya idan an idar da sallar isha'i.

Kada kowa ya zaci irin tsohuwar nan ce mai lallashi. Iya baki gare ta. Idan ta fara da mai sayar da itace da ya rage mata ɗauri, har maƙwabta sai sun leƙo. Sani take kira maigidanta, ta ce miji ne na banza, ko gishiri bai taɓa sayo mata ba. Ni kuwa Dogon Wuya take ce mini, wai saboda yawan leƙen tukunya. Duk da haka babu inda muke so kamar gefen duron nan nata, musamman a shekarun da gidanmu ya shiga bashi.

Baba fatauci yake yi tsakanin Bagudo da kasuwannin Benin. Wata shekara ya ranci kuɗi masu kauri wurin maƙwabcinmu Alhaji Ɗandare, ya saro kaya, jirgin da ya ɗauko su ya kife a kogin Kwara. Allah ya tsare rayuka, kaya kuwa suka bi ruwa. Abin haushin, da sefa, kuɗin Benin, aka ƙulla bashin, don da ita aka yi sayayyar, saboda haka duk sanda naira ta faɗi sai bashin ya ƙara tsawo muna barci. Baba ya sa gonarmu ta fadama jingina a gaban shaidu. Alhaji ya bar masa ita ya ci gaba da nomawa, a kan kowace kaka zai riƙa biyan wani kaso. Ranar da biya ya tsaya, fadama ta zama ta Alhaji. Gonar nan kakanmu ne ya sare ta, shinkafa da damina, albasa da rani, ita ce ke riƙe da gidan gaba ɗaya.

Inna, mahaifiyata, ita aka bar wa aikin raba babu gida-gida. Ta soke abincin rana. Koko ya koma ba sukari. Shinkafar da muka yi tsaron tsuntsu a kanta ta wuce mu a buhuna zuwa gidan Alhaji, mu muka koma tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawa kaɗai ta sani. Awakinta suka tafi ɗaya bayan ɗaya, daga baya kwanukan jerenta suka bi su. Sabulu ɗaya sai ta yanka shi da zare, ta ɓoye rabi. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan wannan ba, mu ma mun haƙura, mun san gona ake ceto.

Abu ɗaya ne ba a taɓa ba, shi ne akushin Baba.

A unguwarmu maza ciyayya suke yi. Bayan magariba kowane magidanci a fito masa da akushinsa ƙofar gida, a haɗa, a ci tare. Alhaji Ɗandare ma a wannan tabarmar yake zama. Baba ya kafa doka: akushinsa zai fita yadda ya saba fita tun kafin jirgi ya kife, tuwon shinkafa, man ja yana yawo a saman miya, da kifi ko nama. Don haka Inna tukunya biyu take ɗorawa, ƙarama mai daɗi ta waje, babba ta lami tamu. Ni nake kai akushin bakin zaure, tururinsa yana dukan fuskata. Idan ya dawo mu yi rububin suɗi. Har yau ina tuna Sani yana lasar murfin akushi.

Sau ɗaya Inna ta gwada magana. Ta ce abin da ake kashewa a tukunyar waje zai rage wani abu a bashin. Baba ya ce ita mace ce, ba ta san zaman maza ba. Rufin asiri, in ji shi, ya fi cikar ciki.

Wadda ta isa ta taka masa burki ita ce Iya, sai dai Baba ɗan farinta ne. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Iya da ke iya wanke kowa tas a unguwar nan, idan ta zo kan ɗanta sai dai ta ce “mai gidan nan”, ta kau da kai.

A shekarar da ruwa ya cinye rabin shinkafarmu, kowa ya san kason bana ba zai cika ba. Hanya ɗaya ta rage, Baba ya je ya gaya wa Alhaji gaskiya tun da wuri, ya nemi a ɗaga masa ƙafa. Bai je ba. Sai ma ya sayo kaza ranar kasuwa don wani ya yi masa shaguɓe a wurin ciyayya.

A daren da aka ci kazar nan, Baba ya shigo ya zauna a kan buzunsa bayan zanar da ta raba turakarsa da madafar Iya, yana jan carbi. Iya ta ƙara itace a wuta, ta gyara zama ta fuskanci zanar, ba mu ba.

“Ga wata nan tahe,” ta ce, da murya sama da yadda ta saba. “Kowa shi buɗe kunnenai, babba da yaro.”

Muka ce, “Ta iso, Iya, muna ji.”

Wai an yi wata shekarar yunwa, Bunsuru ya je wurin Kura ya ranci dawa. Kura ta auna masa, ta ce ba komai, idan ya samu ya biya. Bunsuru yana da matarsa Akuya da 'ya'yansu ƙanana. Ɗan nonon da Akuya ke samu, sai ta kaɗa ta fitar da mai, don ta sa wa yara a baki su yi ƙwari. To, kowace yamma dabbobi suna taruwa hira a gindin tsamiya. Kafin Bunsuru ya fita, sai ya kwashe man nan ya shafe gemunsa da shi, ya taje, ya fita yana taku ɗai-ɗai. Dabbobi su ce, kai, gidan Bunsuru ana shan daɗi. Shi kuma ya yi gyaran murya ya ce ai sai godiya.

Iya ta juya kifi, ta ce, “Ɗiya na kwana da yunwa, ƙahwahunsu sun koma awa tsinke, ubansu na waje gemu na ƙyalli.”

Carbin da muke jin ƙararsa bayan zana ya tsaya.

Kura dai tana zaune a wurin hirar kullum, tana kallon gemu. Ran nan sai ga ta a ƙofar gidan Bunsuru, ta ce ta zo karɓar dawarta. Bunsuru ya fara rantse-rantse, ya ce wallahi rumbu babu ko ƙwaya. Iya ta shaƙe murya ta yi maganar Kura: “Haba Bunsuru. Wanda babu garai, gemunai ba ya ƙyalli hakanga. Tunda ka ce babu dawa, ba ni wadda ka yin man.” Ta kama Akuya ta yi daji da ita.

Daga bayan zana Baba ya kira Inna, ya ce, “Ke, a ce ma Iya dare ya yi, yara su kwanta.”

Iya ba ta jira an kawo mata saƙon ba. Ta dubi Inna ta ce, “A ce ma mai gidan nan ban ƙare ba.”

Ta ƙarasa a gajarce. 'Ya'yan Akuya suka watse, wannan ya bi wancan garke, wancan ya bi wani, suna kiwo a bayan iyayen wasu. Sani, wanda ya saba a tatsuniya mugu ne ke shan wuya a ƙarshe, ya tambaya, “To Iya, shi Bunsurun mi as same shi?”

“Shi? Mi za ya same shi? Tai bakin kasuwa gobe ka gani, shina nan da gemunai, shina tahiya awa shi ad da garin.” Ta kakkaɓe zanenta. “Ta ƙare nan. Wanda bai ji ba, ba kunne na babu garai ba.”

Muka yi dariya don yadda ta kwaikwayi tafiyar bunsuru tana zaune. Inna ba ta yi ba. Washegari akushi ya fita da kifi kamar kullum.

Da kaka ta yi, Baba ya kai abin da ya samu, bai kai kason ba. Sai a lokacin ya buɗe baki ya nemi a yi masa haƙuri zuwa cirar albasa. Abin da Alhaji ya amsa masa a gaban shaidu ya riga Baba isowa gida, matan shaidun ne suka kawo wa Inna. Wai ya ce, “Malam Umaru, kullum hannuna na cikin akushinka. Wanda ka hiddo kihi kowace magariba ba rashi garai ba, biya na ba ya so.” Babu wanda ya iya musa masa, domin dukansu sun ci. Ko da ma can yana kwaɗayin gonar, ko da gaske ya yarda Baba ɓoye kuɗi yake yi, Allah ne masani. Abin da na sani, hujjar a gidanmu aka dafa masa ita, ni na kai masa har bakin zaure.

Fadama ta tafi. Iya ba ta sake yin wannan tatsuniyar ba, wasu ma ta rage. Ba ta daɗe sosai ba bayan haka ta rasu. Sani ya bar makaranta, ya girma yana ƙodago a gonakin mutane, har da waccan ɗin. Ni ƙanwar Inna ce ta ɗauke ni zuwa Bahindi, a hannunta na yi karatu har na zama malamar firamare.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan ƙarya take, wai kada mutum ya nuna abin da ba shi da shi. Sai da na girma na gane tambayar Sani ce zuciyarta. Mai shafa man ba shi ne ke biya ba. Na daɗe ina jin haushin Baba, kuma ban daina ba, ko da yake na san ba mugu ba ne, tsoron bakin maza ne ya fi ƙarfinsa. Amma ina jin haushin Iya ma. Ta ga abin tun daga nesa, tana da bakin faɗa, kuma ita kaɗai ce ba zai iya ce wa ba ta san zaman maza ba. Sai ta tsaya tana aika masa da bunsuru ta bayan zana, don kada a ce Tumba ba ta da kunya. Shi ya tsare mutuncinsa, ita ta tsare nata, mu muka kwana da yunwa muka kuma rasa gonar.

Bara Baba ya rasu. Ina daga cikin gida ina jin dattawa a ƙofa suna yabonsa, wai mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, ba a taɓa ganin gazawarsa ba. Na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, amma wannan yabon bai shiga kunnena da daɗi ba.

Da sadakar arba'in ta matso, ƙanen Baba, Baffa Garba, ya tara mu. Ya ce mutum irin yayansa ba a yi masa sadaka da gumba, sai an kayar da sa, an dafa shinkafa, gari ya shaida. Kuɗi babu, amma ya riga ya yi magana da wani ɗan kasuwa da zai ba da rance, a sa 'yar gonar geron da ke kan tudu jingina. Ita kaɗai ta rage mana, ita ce Sani ke ciyar da iyalinsa da Inna da ita. Na dubi Sani, ya sunkuyar da kai, na ga alamar zai ce to.

Na ce, “Baffa, ina da gado cikin gonag ga, kuma ban yarda ba.”

Ya ce, “Ke ɗiyar nan, ubanki na hwa.”

Na ce, “Na sani. Addu'a ta ka isa garai, ba sa ba.”

Ya ce boko ya cire mini kunya. Gwaggonnina suka ce na tozarta ubana yana kabari. Amma ban janye ba. Ranar arba'in aka yi gumba, malamai suka yi karatu, aka shafa fatiha. Dattawa suka karɓi rabonsu suka tashi da wuri, na kuma ji abin da aka riƙa faɗa a gari, babu mai daɗi a ciki.

A kakar da ta biyo baya gero ya yi kyau a tudu. Da daminar bana ta yi nisa, rumbuna suka fara ƙarewa a unguwa, Baffa Garba, wanda tun ranar nan bai amsa gaisuwata ba, ya aiko da ƙwarya gidan Sani a sam masa hatsi. Sani ya kira ni a waya yana tambayar yadda zai yi. Na ce ya cika masa ita har baki.