Kwalbar da Kawu Bai Taɓa Ba

Ni ba ɗan iska aka haife ni ba, yara. Gidanmu a Zariya gidan karatu ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwa ne, kuma shi ke jan sallah a masallacin unguwarmu tun ina ƙarami. Shi ya biya mini kuɗin jirgi zuwa Landan in yi karatun akanta. Ranar tafiya ya riƙe kunnena ya ce in kama kaina. Na ce to, kuma wallahi a ranar da gaske nake.

Ɗakina a Deptford yake, saman wani kantin kifi, taga na kallon kogi. Sanyi ya hana ni sakat. Wani mutumin Kumasi da muke dakon kaya tare a kasuwa ran Asabar, shi ya fara miƙo mini kofi. "Sha kaɗan, ɗan'uwa," ya ce. "Wannan wiskin Amurka ne, bourbon, da masara ake yi. Ba tsada." Na ce a'uzubillahi. Ya yi dariya. Na ce to bari in sansana kawai.

Kaico, ina ma ban sansana ba! Ƙamshin gasasshiyar masara ne, da zuma, da ƙonannen itace. Kurɓar farko ta ƙona mini harshe, ta biyu ta sauka a ƙirji da ɗumi. Sai kogin ya yi tsit, jiragen ruwa na wucewa a hankali cikin hazo, ni kuma ga ni a zauren gidanmu da damina, Inna na juya masara a kan garwashi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin giyar nan. Na koyi ɗiga mata ruwa kaɗan don ƙamshin ya buɗe, na koyi riƙe ta a baki kafin in haɗiye. Mafi arha a kanti nake saya, in zauna bakin taga ina kallon yayyafi, littattafaina a rufe, la'asar ta zo ta wuce ni.

A shekarun nan ne kuɗin mai suka ɓarke a gida. Alhazai suka cika Landan, wannan na neman siminti, wancan na neman injin wuta. Kowa na son ya yi wa Baturen da yake hulɗa da shi kyauta, kuma an gaya musu Bature ba abin da yake so kamar tsohon wiskin Scotland mai tsada. Sai dai su ba sa sha, ba sa ma son hannunsu ya taɓa kwalbar. "Sa a but ɗin mota, yaro," haka suke ce mini, suna kau da kai.

Nan Shaiɗan ya raɗa mini. Mutumin da ba zai ɗanɗana ba, ina zai gane? Na riƙa tsince kwalaben masu tsada a bayan otal, in wanke, in ɗura musu bourbon ɗina mai arha, wani mai ɗab'i a Old Kent Road ya buga mini tambarin da ake liƙe baki da shi. Launi ɗaya ne, ja mai haske. Na ɗinka kwat, na daina zuwa makaranta. Ina tafiya a titi kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Sai Kawu ya zo neman kwangilar injinan niƙa. Ya tambaye ni me zai ba Baturen da kwangilar ke hannunsa. Na ce wiski.

"Giya? Ni in ba mutum giya?"

"Kawu, haka ake yi a nan. In ba ka yi ba, wani Alhajin zai yi, kwangilar ta tafi."

Ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce in saya in naɗe a jarida, kada ma ya gan ta. Na karɓi kuɗinsa, na kawo irin tawa. Kawuna fa, wanda ya kawo ni!

Na saba da masu sayen da ba sa ɗanɗanawa, har na manta wanda ake ba yana da harshe. A teburin abincin rana Baturen ya warware jaridar, ya tsiyaya, ya kai hanci. Ya ce ta Scotland hayaƙi take yi, wannan kuwa zaƙi. Ashe ba ita ce ta farko da ya samu daga hannun mutanenmu ba, ya gaji. Ya fasa kwangilar, ya kai ƙara. 'Yan sanda suka sami kwalabe jibge a ƙarƙashin gadona.

Ɗaurin da aka yi mini bai kai ranar shari'a ciwo ba. An kira Kawu shaida. Ya tsaya cikin farar babbar riga, lauya ya tambaye shi ta bakin tafinta ko shi ya ba da kuɗi a sayo giya. Ɗalibai 'yan gida sun cika benci. Da ya ce bai san me ke cikin jaridar ba, da ni ma na goyi bayansa. Amma ya ce, "Ni na bayar." Labari ya riga shi isa Zariya.

Sau ɗaya ya zo ganina a kurkuku kafin ya koma. Ya ce, "Ba maganar kuɗi ta kawo ni ba. Kai ma kana sha?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To me zan gaya wa ƙanwata?" Ya tashi ya fita, ni kuma na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Da na gama wa'adina aka sa ni a jirgi zuwa gida. Na tuba, kuma har yau ban sake kai ta baki ba. Ranar da na isa na shiga masallacin unguwarmu da azahar, na tarar wani ne a gaba. Kawu ya ajiye limanci da kansa. Yana sahun ƙarshe, kusa da inda ake cire takalma. Ya ɗago ya gan ni, ya matsa ya ba ni wuri.

Yara, ku da ake turawa karatu waje, kada ku ce sansanawa kawai za ku yi. Abin yana da daɗi, shi ya sa nake jin muku tsoro. Ni na yi zaman kurkuku na fito. Kawuna a sahun bayan nan ya yi sallah har ya rasu.