Jif ɗin da Gishiri Ya Cinye

Laraba: Dutsin-Ma zuwa Kurfi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gidana a Dutsin-Ma, farkon damina, shekara uku da samun mulkin kai. Na sha sabuwar farar riga da hula, na nufi Katsina don sayen wata jif da Baturen haƙar rijiyoyi ya sa a kasuwa, zai koma ƙasarsu. Sana'ata sayen gyaɗa a ƙauyuka, na kuwa gaji da jiran jakuna. Wannan tafiya ita ta ci wa taubashina Sada hannun dama, kuma ni ne sanadi, shi ya sa nake rubuta ta.

Na sami lori a tasha, sule biyu zuwa Katsina. Ƙarfe bakwai muka iso Kurfi, mil goma sha bakwai. Sada na tsaye a bakin hanya da 'yar jakar fata. Maƙeri ne, ɗan kawuna, ya girme ni da shekara huɗu. Ni na roƙe shi ya raka ni, domin a duk ƙasar Kurfi ba wanda ya kai shi sanin ƙarfe.

"Ɗan boko," in ji shi, "wagga riga hwa? Mota za ka saye ko ɗaurin aure za mu?"

Na ce masa ya matsa can kada gawayinsa ya taɓa ni. Haka muke tun muna yara, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba.

Mil uku bayan Kurfi muka tarar an rufe shinge, don an yi ruwa hanya ba ta sha iska ba. Direba ya yi magiya, mai gadin shinge ya ce sai ƙarfe ɗaya. Muka sha fura ta kwabo biyu a gindin wata tsamiya. Ana kiran la'asar muka shiga Katsina, muka sauka gidan wani dillalin fata, aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka.

Alhamis: Katsina

Ƙarfe tara na safe muna barikin Turawa. Jif ɗin na tsaye a inuwa, koriya, an wanke ta tas. Tun daga nesa zuciyata ta riga ta saye ta. Na tayar da inji na ji ƙararsa, na duba tayoyi, na danna oda, na zagaya fili sau biyu. Gaskiya dai dubawar doki na yi mata: ƙafa, murya da gashi.

Baturen dattijo ne, yana jin Hausa. Ya ce da ita ya zo a jirgin ruwa, bayan ta yi masa shekara shida a can.

"Amma in gaya maka, Malam Lawal," in ji shi, "a wurinmu in ƙanƙara ta rufe hanya, gishiri ake zubawa don ta narke. Motar nan ta sha gishiri. Na sa an shafa mata kwalta a ciki, amma ka duba."

Dariya na yi. Na ɗauka irin barkwancin Turawa ne. Gishirin da raƙuma ke yin wata da watanni kafin su kawo mana, wanda uwargida ke ɓoyewa a ƙasan tukunya, shi za a watsar a hanya motoci su taka? Ban yarda ba.

Sada bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya kankare ɗan laka daga bayan taya, ya ɗora a harshe, ya tofar. Sai ya zaro ƙaramar guduma daga jakarsa, ya ja ni gefe.

"Ka tuna sikelin mai gishiri na kasuwarmu? Sau ukku ina sake mishi ƙugiya. Gishiri daga ciki yake ci, waje na kyalli. Bari in shiga ƙarƙashi in ƙwanƙwasa ƙashin bayanta. In ya yi ƙara, saye. In ya yi shiru kamar ruɓaɓɓen icce, mu tahi gida."

Na dubi Baturen, na dubi masu aikinsa da suka taru suna kallon rigata, na dubi Sada da gudumarsa. Kunya ta kama ni. Na ga kamar za a ce na zo da baƙauye yana dukan kayan mutane a gaban mai shi, alhali mai shi ne da bakinsa ya ce a duba.

"Mai da gudumarka," na ce. "Nan ba maƙera ba ce. Wannan ƙarfen Turawa ne, ba irin na garmarka ba."

Ya mai da ita jaka. Na biya fam ɗari da tamanin, aka ba ni takardu. Kafin azahar na sa an loda buhu shida na dawa da zan sauke wa masu saya mini gyaɗa a Rawayau.

Jumma'a: hanyar Rawayau

Mun bar Katsina ƙarfe shida na safe, ni ke tuƙi. Shinge a buɗe yake. Ina ta zuba, ina lissafa ƙauyukan da zan shiga, Sada na jingine yana sauraron motar ba ni ba. Wajen ƙarfe takwas muka saki babbar hanya muka kama ta shanu. A wata ƙorama mai yashi na taka da ƙarfi don in haye gaɓa. Muka ji ƙas, bayan motar ya zauna ta hannun hagu.

Muka sauke buhuna. Sada ya leƙa ya ce mariƙin sifirin ne ya ɓalle daga ƙashin motar, zai iya ɗaure shi da sarƙa mu lallaɓa zuwa Kurfi. Ya ce in ɗaga masa. Na sa dutse, na kafa jak ɗin ɗaga mota a wurin da na ga ya fi baƙi da santsi, na ɗaga. Ya kwanta rigingine ya tura hannu.

Wurin da na kafa jak ɗin kwalta ce kawai a kan tsatsa. Ƙarfen ya burme kamar busasshiyar ƙwarya, motar ta sauko a kan hannunsa.

Bai yi ihu ba, salati kawai na ji. Wasu Fulani makiyaya uku suka sheƙo, muka ɗaga da wani reshen marke muka jawo shi. Na yage rigata na naɗe hannun. Su suka ba da takarkari muka ɗora shi har bakin hanya, inda muka zauna awa biyu kafin wata motar katako ta tsaya.

A asibitin Katsina aka cire masa yatsu uku, har da babban. Na yi kwana goma sha ɗaya ina jinyarsa.

Komawa gida

Ranar Talata muka taho a lori. Na sauke shi Kurfi ƙarfe goma sha ɗaya, na iso Dutsin-Ma bayan azahar. Jif ɗin kuwa shanu suka jawo ta daga baya. Da na bi ƙarƙashinta da guduma, tsatsar da ta zubo ta cika kwano.

Na gode wa Allah da abin ya tsaya a yatsu. Na gode wa makiyayan nan da ban san sunansu ba, da direban da ya ƙi karɓar ko kwabo. Sada kuma ban san yadda zan gode masa ba, don bai taɓa gaya wa kowa abin da ya faru a bariki ba. Ko kawu ya rasu yana cewa ƙaddara ce.

Yanzu ƙanensa ke riƙe guduma, shi yana zuga wuta da hannun hagu. Duk ranar kasuwar Kurfi nakan tsaya maƙerar, in tsokane shi da gangan, in zagi tsohuwar hularsa, ina jira ya rama. Sai ya gyara mini wurin zama ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Lawal. Ya iyali?"