Ranar da Tanki Ya Yi wa Kantoma Wanka

Ko ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai, ba na jin za ta zubar da ranar da aka buɗe rijiyar burtsatse a wani ƙauye da ke bayan Gumel, can ƙarshen mulkin soja. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma, ofishinmu ɗaya da wani injiniya Kirista da ya zo daga wajen Jos. Aikin wucin gadi aka ɗauke shi, kuma an yi masa alkawarin tabbatar da shi idan rijiyar nan ta yi kyau. Matarsa da 'ya'yansa suna can gida suna jiran ya samu gindin zama ya ɗauko su.

Shi ya haɗa wani ɗan akwati da zai riƙa kunna famfo, in tanki ya cika ya kashe shi da kansa. A cikin akwatin akwai wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa, bai kai ɗan yatsa ba. Ya yi mini bayani cewa abin ba ya jin harshen da yake rubuta umarni da shi, don haka sai da ya zaunar da wata na'ura a cikinsa wadda ba ƙarfe ba ce, rubutu ce zalla, ita ke karanta umarnin tana fassarawa. Tafinta yake ce mata. Matsalar ita ce tafintar nan ta cinye kusan duk ƙwaƙwalwar abin, ɗan wurin da ya rage bayan umarnin kunnawa da kashewa bai taka kara ya karya ba.

Ana nan sai sakataren ƙaramar hukuma ya leƙo, ya ga akwatin yana da ɗan gilashi mai nuna rubutu. Nan take idonsa ya yi haske.

"Injiniya, ashe abin naka yana rubutu? To ai sai ya yi wa Kantoma maraba."

Aka sa "Barka da zuwa". Washegari ya dawo ya ce maraba ba suna ai raini ne. Aka sa suna. Sai Alhaji, sai digirin girmamawa, sai sarautar da aka naɗa shi a garinsu, sai kirarin da maroƙa ke yi masa. Da hakimi ya ji labari ya aiko a sa nasa, shugaban 'yan kasuwa ma ya ce ba za a bar shi a baya ba.

Injiniya ya ce, "Yallaɓai, wuri ya ƙare fa. In na ƙara ko harafi ɗaya, sai dai in cire umarnin kashe famfo."

"Shi umarnin kashewar, ana ganinsa a gilashi?"

"Ba a gani, yallaɓai."

"To cire abin da ba a gani. Bayan biki ka mayar."

Na ga ran mutumin nan ya ɓaci, amma mai neman a tabbatar da shi a aiki ba ya musu da sakatare. Ya ce da ni ba komai, ranar zai tsaya kusa da makunni ya kashe da hannu.

Ranar biki aka kafa rumfar manya a gindin tanki, don hoto ya fito da kyau. Aka ja igiya, aka sa 'yan sanda. Injiniya ya nufi wajen makunni, wani kofur ya tare shi ya ce nan wurin manyan baƙi ne. Na sa baki na ce shi ne fa ya haɗa na'urar. Kofur ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ba babbar riga, ya kora mu bayan igiya mu biyu.

Kantoma ya danna makunni, janareta ya ɗauka, famfo ya fara aiki, aka yi ta tafi. Sakatare ya karɓi lasifika yana karanto abin da ke wucewa a gilashi, sarauta bayan sarauta, sannan aka shiga jawabai. Injiniya dai idonsa na kan tanki. Ana tsakiyar yabon hangen nesan Kantoma tanki ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya taru a kan tamfol ɗin rumfar har ya yi ciki, sannan ya ɓarke a kan sahun gaba. Manya suka watse suna tattare riguna, hular Kantoma na yawo a cikin taɓo, shi kuwa ɗan akwati bai fasa jero kirari ba. Mutanen ƙauye da suka daɗe suna sayen ruwa suka ruga da bokitai suna tara, wata tsohuwa har da guɗa.

Na yi dariya a ranar, ba zan ɓoye ba. Dariyar ta tsaya da aka zauna neman mai laifi, aka ce na'urar injiniya ce ba ta da inganci. Sati bai zagayo ba aka sallame shi, ni na raka shi tashar Gumel da jakarsa ɗaya, raina a ɓace. Sakatare kuwa ƙarin girma ya samu. Akwatin ya shekara yana yi wa Kantoma maraba bayan an sauke shi daga mulki, domin babu wanda ya san yadda ake goge kirarin a mayar da umarnin kashewa.

Abin da na koya shi ne, in wuri ya yi kaɗan, a fara ajiye abin da zai yi aiki kafin abin da za a gani. Kuma duk wanda aka sa ya cire abin da ba a gani, ya sani shi za a gani ranar da ruwa ya zubo.