Gwaggo Tabawa da Jirgin da Ya Ƙi Tashi

Ku 'yan Mallawa kun san Gwaggo Tabawa da fargaba. Hadari ya haɗo, ta ce zai rushe rumbu. Ya watse, ta ce gero zai ƙone. Ko gaishe ta ka yi da fara'a sai ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

To, ita aka ce in raka Abijan, 'yarta Hadiza na da cikin fari, likita ya ce sai an yi mata aiki. Tun daga gida take salati. Muka isa filin jirgin Damagaram, za mu Yamai mu canja jirgi, sai aka ce an soke tashin.

"Shi ke nan! Hadiza!" Ta dafe kai.

"Gwaggo, jirgi ne ya lalace, ba Hadiza ba."

"Kai yi mini shiru, da haka ake farawa!"

Wani fasinja ya raɗa mini cewa muna da hakki a kan kamfanin: abinci, masauki, da wani jirgin. Na faɗa mata. Wayyo, da na sani! Ta ja walis ɗinta, akwatin kayanta, har gaban ma'aikaciyar kamfanin, ta zauna a kai.

"'Yar nan, an ce in ci hakkina. Ina yake?"

Aka kawo burodi da sardin. Ta juya gwangwanin, ta shinshina. "Su da suka kasa gyara jirgi, su zan yarda da kifinsu?" Ta kwance gumbarta.

Aka kai mu otel. Sanyin ɗakin ya buge ta, ta yi baya da gudu. "Nan gawa suke ajiyewa!" A baranda ta shimfiɗa zane, waya a kunne. Mijin Hadiza ya ce an shiga da ita ɗakin aiki. Ranar ban yi mata dariya ba. Sai bayan la'asar aka kira: mace, uwa da ɗiya lafiya. Ta yi sujada, ta ɗago. "An ƙirga yatsun?"

Washegari shugaban ofishin ya ba mu haƙuri, ya ce diyyar ɓata mana lokaci za a ba ta biye, wato tikiti, na wata tafiyar kyauta.

"Wata tafiyar? Ɗan nan, me na yi maka?"

Da ƙyar na lallashe ta ta karɓa. Jirgi kuwa ya zo a kan lokaci, ko minti bai ƙara ba. Gwaggo ta tsaya cak a bakin matakala, ta riƙe mini riga.

"Wannan saurin fa? Anya sun gama ɗaure shi?"

Haka ta shiga, ido rufe, ta damƙe hannun wani bawan Allah da ba ta sani ba har Yamai. Amma ta je, ta yi wa jikarta wankan farko da hannunta.

Allah ya jiƙan Gwaggo. Duk tsoron nan, mu take ji wa. Allah ya kwantar mata da hankali a makwancinta, ya sa ta huta. Amin.