Ba Hannun Baba Ba Ne

Mahaifina direban tirela ne. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar shanu da gyaɗa daga nan Daura zuwa kudu, ya dawo da manja da katako. Shanyewar ɓarin jiki ce ta sauke shi daga mota. Hannun hagu da ƙafar hagu suka daina aiki, magana ta dawo masa amma da nauyi. Mutumin da ba ya kwana uku a jere a gida ya koma zaman rumfar tsakar gida daga safe har magariba.

A lokacin aurena ya mutu na dawo gida, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Na sayi laftof na hannu saboda karatun ƙarshen mako da nake yi. Wanda ya sayar mini ya bar wani gem a ciki, wato wasan kwamfuta, na tuƙin manyan motoci. Wata rana da la'asar na buɗe shi don kawai in ga mene ne, ƙarar inji ta tashi, sai na ji muryar Baba daga rumfa.

"Uwata, wannan kukan babbar mota ne. Kin canza giya da wuri."

Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ɗauko matashin kai na ɗora masa a cinya, na aza laftof a kai, na nuna masa maɓallai huɗu na gaba da baya da hagu da dama. Kafin sati ya zagayo yana iya yin baya da tirela da yatsu uku, abin da ni mai hannu biyu ban taɓa iyawa ba. A gem ɗin ana farawa ne da tuƙa motar wasu, sai an kai kaya masu yawa lafiya kafin a mallaki ta kai. Wata uku ya yi kafin ya samu tasa. Ya sa na nemo masa wurin fenti, muka yi mata kore da ratsin rawaya, irin tsohuwar motarsa. Ya koma cin tuwo sosai. Har faɗa yake yi wa ƙananan motocin ciki in sun sha gabansa.

Da bazara ta kama abin ya lalace. Yana cikin tafiya sai hoton ya riƙa tsayawa yana fizga, kamar ana jan sa da igiya. Ya danna hagu motar ba ta juya ba, sai can ta juya gaba ɗaya ta afka wa ƙarfen gefen titi. Rana ɗaya ya kifar da kaya sau uku. A na ukun ya rufe laftof ɗin a hankali, ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

"Shi ma ya fara," ya ce. "Ina ba shi umarni yana jinkiri. Haka na hagun ya soma."

Na karɓa na gwada minti biyar, komai lafiya. Don haka na yarda da shi. Wannan ne abin da har yau nake jin haushin kaina a kai. Kwana huɗu bai taɓa laftof ba, abinci sai an yi da gaske, har ya ce a kira masa yayana daga Dutsi yana son ya bar wasiyya. A rana ta biyar na zauna ni kaɗai na tuƙa motar na ɗan jima. Wajen minti goma sha biyar hoton ya fara fizga a hannuna, ni da babu abin da ya sami yatsuna. Na fito tsakar gida ko ɗankwali babu.

"Baba, ba hannunka ba ne! Na'urar ce!"

Ya ce ina lallashinsa ne kawai.

Washegari na kai laftof ɗin wurin wani mai gyara da ke kusa da tasha. Na yi masa bayani dalla-dalla: yana farawa lafiya, sai ya jima yake sarƙewa, kuma kada ya goge mini komai. Duk maganar da nake yi idonsa na kan wayarsa.

"Malama, bairos ne, cutar kwamfuta," ya ce. "Ki je ki dawo bayan azahar."

"Ka ji na ce kada ka goge komai?"

"Na ji. Mu aikinmu ke nan."

Ina da aji, na tafi. Da na dawo ya juyo mini laftof ɗin yana murmushi. Ya yi masa fomatin, ya goge komai tas, ya sake zuba gem ɗin sabo, wai kyauta ya yi mini wannan. Takardun karatuna suna cikin filash, ban damu da su ba. Na buɗe gem ɗin, babu koriyar mota, babu hanyoyin da Baba ya buɗe, babu komai.

"Ina abin da ke ciki?"

"Au, wasan? Ai yaran sa sake."

"Wane yara? Na ce maka yara ne?"

"To Malama, wasa ne fa. Ba takardar fili ba ce."

Ban san ina da irin muryar da na fitar ranar ba. 'Yan acaɓa suka taru a bakin shagon. Na ce masa bai bincika komai ba, abu ɗaya ya iya a duniya shi ne gogewa, kuma na faɗa masa sau biyu da Hausar da ya sha a nono. Wani dattijo mai sayar da taya ya ce in yi haƙuri, bai dace mace tana ɗaga murya a kasuwa ba. Na ce masa ya fara gaya wa mai shagon abin da ya dace. Babu wanda ya gaya masa. Na ɗauki kayana na fito.

A gida Baba ya duba allon ya ce, "Ina motata?" Na faɗa masa gaskiya. Ya karɓa ya fara tuƙa motar haya kamar ranar farko. Minti goma sha biyar hoton ya sake fizga. Wato an hallaka masa aikin wata uku, ciwon kuma yana nan inda yake.

Daga nan na daina neman kowa. A ofishin malamai, lokacin hutun tara, na riƙa bincike a wayata. Na gano cewa motsin da muke gani a gem hotuna ne ke wucewa da sauri, kuma akwai yadda ake sa wata 'yar lamba ta fito a kusurwar allo ta nuna guda nawa ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Na kunna ta, na ajiye agogo a gefe. Da farko arba'in da wani abu. Minti goma, talatin. Minti goma sha bakwai, goma sha ɗaya. Na sa hannu a ƙarƙashin laftof ɗin na janye da sauri, zafi kamar murfin tukunya, fankar ciki tana kuka amma ba iskar da ke fita.

Na ari ƙaramin sukuddireban keken ɗinkin Inna mahaifiyata, na shimfiɗa farin zane, na kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya ina jera su a faranti. Inna tana tsaye a kaina tana cewa zan ƙarasa shi. Da na ɗaga murfin, a bakin fankar na tarar da wani abu kamar guntun bargo, ya toshe mafitar iska ruf. Audugar rimi ce. Daga matashin kan da ni da hannuna nake ɗora wa Baba a cinya. Wata da watanni na'urar tana zuƙar ta, matashin kuma ya rufe ramukan ƙasa. Da mai gyaran nan ya kwance kusoshi shida da ya gani. Na cire audugar, na goge fankar da tsohon buroshin haƙori, na mayar da komai.

Zafi ya ragu, lambar ta daina gangarowa da lokaci. Amma sai na lura da wani abu dabam. In laftof ɗin na kan batir, lambar tana sama. Da na jona caja sai ta faɗo ƙasa da ashirin, batirin kuma ba ya ƙaruwa. Na juya cajar na duba. Tawa mai nauyi ce, na ɗaura mata jan zare don kada ta ɓace a makaranta. Wannan ba nauyi, ba zare.

"Inna, wa ya taɓa cajata?"

Ta yi ta gyaran bakin zane kafin ta faɗa. Yayana ne, da ya zo wata guda da ya wuce. Tasa ta ƙone, ya sayi wata mai araha a kasuwa ba ta riƙe masa na'ura, sai ya musanya. Ya ce duk caja caja ce, kuma a nan wasa kawai ake yi da ita. Ya ce kada a gaya mini don ina da mita.

Ranar Asabar na shiga motar Dutsi. Yayana yana da shagon buga takardu a can. Na same shi yana buga wa wani mutum wasiƙa, jan zarena yana lilo a jikin soket. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce na zo karɓar cajata.

"Saboda caja kika biyo mota tun daga Daura?" ya ce. "Ke ba ki ji kunya ba? Dattijo a wannan hali, maimakon ki miƙa masa carbi ya nemi lahirarsa, kin ɗora masa wasan yara. Mutane suna magana."

"Yaya, salla nawa Baba ya bari tun da ya kwanta?"

Ya ci gaba da buga wasiƙar.

"Ni nake kai masa ruwan alwala, na sani. Ko ɗaya. Carbinsa yana wuyansa. Kai sau nawa ka juya shi a shimfiɗa? Ka san kwana huɗu ya yi yana zaton ɗaya hannun ma ya tafi? Wasiyyar da aka kira ka a kai, ka san dalilinta?"

"Ki rage murya, akwai mutane."

Na zagaya bayan teburin na zare cajar. Na'urarsa ba ta da batir, ta mutu nan take da wasiƙar mutumin a ciki. Na ajiye masa tasa a kan tebur na fita.

Kafintan unguwarmu ya yi mini ɗan teburin katako mai ramuka wanda ke haye cinyar Baba ba tare da ya taɓa ta ba. Na shiga saitin gem ɗin na rage inuwa da ƙyallin ruwan sama. Lambar ta tsaya wajen arba'in, awa guda ba ta motsa ba. Na nuna wa Baba ita.

"Ka riƙa kallon nan. In ta faɗi, laifin na'ura ne."

"In ba ta faɗi ba fa, na kifar?"

"To ganganci ka yi."

Ya yi dariyar ɓari ɗaya ta bakinsa, ya karɓa. Ranar ya kai kaya biyu lafiya a motar haya.

Inna ce ta ba shi labarin cajar, ba ni ba. Juma'ar da ta biyo baya yayana ya zo bayan masallaci, ya cire takalmi ya durƙusa a bakin rumfa ya ce, "Baba, barka da Juma'a." Baba yana ƙoƙarin shigar da tirela da baya cikin wani matsattsen wuri. Bai ɗago ba. Ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba, ya gyara. Na san zai iya shigar da ita a karo ɗaya. Yayana yana durƙushe a rana, gumi na bin wuyan babbar rigarsa, ba halin tashi tunda ba a amsa ba. Inna ta leƙo daga madafa ta koma. Sai da aka yi kusan kwata na awa Baba ya ja birki, ya kashe inji, ya dube shi.

"Ka zo lafiya?" ya ce. "Ya hanya?"

Yayana ya ce lafiya lau. Bai ba da haƙuri ba, ranar ko bayanta. Inna ta ce in kawo masa ruwa. Na ce mata tulun yana inda ya saba zama, na ci gaba da duba takardun ɗalibaina.