Nas Mai Neman Majinyacin Aro

A barandar asibiti wata nas ce zaune kusa da ni, furfura na leƙowa ta ƙasan hularta, na'urar awon jini a cinya, waya a kunne. Da alama digiri na biyu take yi, irin wanda ake kallon darasi a bidiyo, ɗalibai su gwada a jikin juna su tura wa malami.

"Haba ƙawata!" take cewa. "Jiya ni na kwanta miki, ina ta nishi kamar gaske, kika ɗauki bidiyon gwajinki. Yau ake rufe karɓa, kuma ki ce kin gaji?"

Ta kashe wayar, ta ƙura wa damtsena ido.

"Bawan Allah, ara mini hannunka."

Na miƙa. Tana ɗaura min na'urar, amma idonta na bakin ƙofa, ko ƙawar za ta ɓullo.