Kwanar da Bawa Ya Yi a Tsakiyar Ruwa

Shekaru sun ja, amma ranar da na shiga kwalekwale a tafkin Bakolori ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina kofur a ɓangaren binciken manyan laifuka, a wani ƙaramin ofishi da ke yankin Talatar Mafara. Ba a daɗe da tare ruwan ba. Ƙauyuka ta wajen Maradun sun nutse, an kwashe mutanensu an kai su kan tudu.

Ƙarar kisa aka ba ni. Bawa, wani manomi da ya koma tuƙin kwalekwale bayan ruwa ya ci gonarsa, ya ɗauko ɗan garinsu mai suna Labbo zai tsallakar da shi. Suna tsakiya sai ya bar miƙaƙƙiyar hanya ya yi kwana hagu. Jirgin ya hau kan wata tsamiya da ruwa ya rufe, ya kife. Bawa ya iya ruwa, ya fito. Labbo bai fito ba. Mutane a gaɓa sun ga kwanar da idonsu, kuma kowa ya san su biyun sun yi rigima kan iyakar sabuwar gona, har Bawa ya ce a kasuwa sai ya ga bayan Labbo.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku riƙe wannan. Doka ba ta tsaya a kan cewa wane ya mutu a hannun wane ba. Tana tambayar abin da ke zuciyar mutum a lokacin: ya nufi kisa, ko ya san mutuwa ce za ta biyo bayan abin da yake yi? In haka ne, rataya. In sakaci ne, ɗauri. In tsautsayi ne tsantsa, a sallame shi. Namu shi ne mu tara shaida, sufeto ya duba, a aika fayil Sakkwato wurin lauyan gwamnati, shi zai faɗi tuhumar da za a kai babbar kotu. Ke nan wuyan Bawa yana rataye da tambaya ɗaya: me ya sa ya yi kwanar nan?

Na tambaye shi sau uku. Sau uku yana cewa, "Yallaɓai, nan hanya take." Hanya a tsakiyar ruwa! Na ɗauka rainin wayo ne, raina ya ɓaci. Ga ni yaro, ga sabuwar igiyar kofur a hannun riga, na zauna na rangaɗa rahoto cewa da gangan ya yi.

Sufeto ya karanta, ya ɗago kai. "Kofur, ka je wurin?"

"Ranka ya daɗe, ai ruwa ne."

"Ruwan ma wuri ne. Je ka zano min shi."

Wanda ya tuƙa ni shi ne Garba, ƙanen mamacin, wanda ya kawo ƙarar. Da kansa ya nema, don ya nuna min inda aka kashe masa ɗan'uwa.

Hantsi ne, ba iska. Rani ya ja ruwan baya, kawunan itatuwa sun leƙo, balbelu sun sauka a kansu fari fat. Da muka yi nisa sai na ji Garba ya yi sallama a hankali, alhali ba kowa. Ya rage murya ya ce, "Ƙohwar gari ce munka shigo." Can ya nuna da haɓa. "Ga rijiya nan. Wanga gidan kawuna ne. Can ne muka sussuka." Na leƙa, ban ga komai ba sai gajimare da fuskata. Amma yana faɗa ina gani: zaure, rumbu, akuya a ɗaure. Har na ji kamar ana daka a ƙarƙashinmu, na rasa ko barci ne ke fizgata. Na manta da takardar da ke kan cinyata.

Sai na ji jirgin ya karkata hagu.

Na ce, "Garba, ina za ka? Ga gaɓa can gabanmu."

Ya ce, "Ai ba a bi nan, yallaɓai. Maƙabarta ce. Innarmu na nan ƙasa, da uban Bawa. Wa ka bi bisa kansu? Duk ɗan garinmu, in ya kawo nan, sai ya kewaya ta gindin tsamiya, yadda munka saba tun muna tahiya da ƙahwa."

Bai rufe baki ba hannunsa ya tsaya da tuƙi. Jirgin ya ci gaba da sulalewa shi kaɗai, sai ga tsamiyar a gefenmu, rassanta baƙaƙe, bai fi taƙi ɗaya tsakaninsu da saman ruwa ba. Lokacin kaka, da ruwa ya cika, jirage sukan wuce ta ba su taɓa ta ba, ranin nan ne ya ɗago ta.

Garba ya ƙura wa tsamiyar ido. Sannan ya ce, "Ko ni naɗ ɗauko shi, nan za ni bi." Hawaye ya zubo masa.

Na ce, "Za ka iya maimaita wannan a gaban alƙali?"

Ya dubi ruwan, ya dubi inda maƙabartar take. "Rubuta," in ji shi.

Ban tsaya nan ba. Na sa wasu matuƙa uku 'yan garin suka tsallakar da ni ɗaya bayan ɗaya, ban gaya musu dalili ba. Kowannensu ya yi kwanar a wuri guda. Na zana, na haɗa da bayanin Garba, na janye rahotona na farko ina jin kunya. Shawara ta dawo daga Sakkwato cewa babu shaidar niyya, kuma maganar da aka yi a kasuwa cikin fushi ba ta isa ta zama niyya ba. Aka sallami Bawa bayan 'yan watanni a tsare.

Abin da na koya shi ne, niyya ba a karanta ta daga gaɓa, sai ka shiga jirgin mutum ka bi inda ya bi. Har yau abin yana tsorata ni. Bawa ya gaya min gaskiya tun ranar farko, sau uku. Saura kaɗan in sa a rataye shi, don shi yana ganin garinsu, ni kuwa ruwa kawai nake gani.